Kifin Mbah Karsih

Ranar Talata da hantsi Bu Ngatmini ta duba wayarta ta tarar an rufe mata shagonta na intanet. Rufewar wulaƙanci kuwa, da jan rubutu ɓaro-ɓaro: kayan jabu. Jabu! Yadin batik ɗin da mata bakwai ke zanawa da narkakken kaki a bayan gidanta a garin Pekalongan, kifi biyu ƙarƙashin furen bado, zanen da kakarta Mbah Karsih ta ƙirƙiro tun ba a san waya ba.

Ko kumallo ba ta ƙarasa ba ta haye babur, sai ofishin Retno, lauya, 'yar wata ƙawarta.

"Mbak Retno, wane marar kunya ne ya ce na yi sata?"

"Ba mutum ba ne, Bu. Wani kamfani ne a Jakarta, na'urarsu ke bin shaguna tana duba hotuna. Da ta ga zanensu, sai ta kai ƙara."

"Zanensu? To ki gaya wa na'urar ni jikar Karsih ce!"

Retno ba ta yi dariya ba. Ta juyo mata da fuskar kwamfuta. Can ƙasan wata doguwar takarda ga sa hannu a karkace, irin na yatsa a kan gilashi. Ngatmini ta ƙura masa ido. Wallahi nata ne.

Sai a lokacin ta tuna. Bara wasu mutum biyu suka zo, suka cire takalma tun daga ƙofa, baki kamar zuma, wai suna ɗaukar hotunan tsofaffin zane-zane don kada su ɓace. Ranta bai so ba ko kaɗan. Amma ta yaya za ka ce wa baƙo a'a, yana zaune a tabarmarka da shayinka a hannu? Ta ce musu za ta duba. Duk mai tarbiyya a garin nan ya san wannan ƙi ne. Su kuwa suka yi murmushi suka miƙo waya, ta goga yatsa don su tashi su ba ta wuri. Har ƙyalle guda ta naɗe musu tsaraba.

"Ai na ce musu zan duba!"

"Kika kuma sa hannu, Bu. Shafi na tara ya ce kin sallama musu zanen baki ɗaya."

"Kunya ce fa ta sa!"

"Na sani. Za mu ja da su, amma ba yau za a gama ba. Kafin nan kada a sake zana shi a gidanki."

Yadda ta iso gida ma ba ta sani ba. Ƙamshin kaki ya cika tsakar gida. Yu Parmi, wadda ta shekara arba'in tana zana kifin nan, ta sunkuya kan farin yadi.

"Yu, ajiye," in ji Ngatmini. "Kifin nan ba namu ba ne yanzu. Ni na bayar da shi."

Matan duk suka ɗago. Yu Parmi ta kalle ta, ta kalli yadin, inda kifi ɗaya bai samu wutsiya ba tukuna.

"To in ƙarasa masa wutsiyar," ta ce a hankali, "ko ita ma sai an tambayi Jakarta?"

Ngatmini ta nufi murhu. Ta durƙusa ta kashe wutar kakin da hannunta.