Kujerar Bakin Taga

"Wallahi ko ki maido mini da hancina, ko ki goge ni gaba ɗaya!" in ji Yaya, tana nuna ɗan zanen da bai fi faɗin tire ba.

'Yar ƙanenmu ce ta zana mu da fentin mai, ni a gaba, Yaya a bayana kusa da taga. Jiya mun fito a baje kamar an bi ta kanmu da dutsen guga. Yau ta sa inuwa a ƙarƙashin haɓata, ta ɗiga ja a kumatuna, na fito ɓul-ɓul. Yaya kuwa ta sha shuɗi, ta dusashe.

"Gwaggo, ki yi haƙuri," in ji mai zanen. "Dole na baya ya dusashe kafin ɗakin ya yi zurfi. In na ƙara miki ja, sai ki hau kan ƙanwarki."

"To in hau mana! Ni ce babba!"

Ni dai ina ta gyara ɗankwali. Ashe bakin 'yar nan ba ya riƙe magana.

Ta nuna ni, ta ce wa Yaya, "Ai na yi wa Gwaggo Ƙarama bayani tun farko. Ita ta ce kin fi son iskar taga."

Yaya ta juyo a hankali. Na ce, "Yaya, shuɗin ya karɓe ki fa, duk ya ɓoye tamojin."

Ta suri jakarta ta fice, ta buga ƙofa har kwalbar mai ta yi rawa a kan tebur.