Kwano na Uku

Ranar da Yaya ya shigo da ɗan kwikwiyo cikin kwalin batir, Mama ko leƙa kwalin ba ta yi ba ta fara faɗa.

"Karnuka biyu ma sun ishe ni shara. Wannan kuma na waye?"

"A ƙarƙashin mota na tsince shi a gareji, Mama. Uwar ta yi gaba ta bar shi."

Baba ne ya miƙo hannu daga kujerarsa ta ƙarƙashin rumfa. Tun da ciwon baya ya raba shi da garejin ya bar wa Yaya, Baba ya zama mutum mai shiru. Sai ya wuni yana kallon ƙofa, abinci ma sai da lallashi. Amma da ɗan abin nan ya leƙo, baƙi ƙirin da man inji, ya yi atishawa har ya kife, sai Baba ya tuntsire da dariya. Wallahi na manta yadda dariyarsa take. Nan take ya raɗa masa suna Sifana.

Mama ta ji dariyar, ta ɗan sassauta, amma ba ta sauka duka ba.

"In Duna ya karɓe shi, ya zauna. In bai karɓa ba, ranar Asabar Kawunku zai zo, ya tafi da shi gona. Ni ba zan wuni ina rabon faɗa ba."

Duna shi ne babban karenmu. Shekara da shekaru yana gadin gareji tare da Baba, kuma tare suka ajiye aiki. A kan tsohuwar rigar aikin Baba yake kwana, can a kusurwar rumfa, rigar da ba wanda ya isa ya taɓa balle ya wanke. Ɗayan kuwa, Kunnuwa, ba shi da ra'ayin kansa. In Duna ya yi haushi ya taya, in ya yi shiru ya kama bakinsa.

Ba abin da ba mu gwada ba. Yaya ya ce a fara haɗa su a kan titi, inda ba gidan kowa ba ne. Muka fita da su, Duna ya wuce Sifana kamar bai gan shi ba, muna dawowa ƙofar gida kuma ya yage baki ya yi masa gurnani. Muka gitta tsohon ƙyaure tsakaninsu don su riƙa shinshinar juna ta ƙasa. Muka riƙa fara ba Duna abinci, a fara shafa kansa, don kada ya ce an yi masa juyin mulki. Duk a banza. Kullum da safe Duna ya zo ya shinshina, ya yi atishawa, ya nuna haƙori.

Ita kuwa Mama, wadda ta fi kowa cewa ba ta so, kullum sai ta tsoma Sifana a baho ta dirje shi da sabulunta mai ƙamshi.

"In dai a gidana zai zauna, ba da wannan warin ba."

Ranar Asabar Baba ya koma shirunsa. Shayin da na kai masa ya huce a gefensa, raina ya ɓaci sosai. Mama na fama da wanki, ba ta samu ta yi wa Sifana wanka ba. Kawu ya iso da motarsa, aka gaisa, na je ɗauko kwikwiyon, sai na tarar da kwali wayam. Ashe ya kutsa ta ƙarƙashin ƙyauren.

A kan rigar Baba muka same shi. Ya yi birgima a kanta son ransa, ya cusa kai cikin hannun rigar ya yi barci. Ga Duna kuma yana tahowa daga bayan gida. Yaya ya yunƙura, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Tsaya tukuna."

Duna ya jawo rigar da haƙori, Sifana ya gangaro waje. Ya shinshine shi tun daga kai har wutsiya, ya sake dawowa kai. Yau babu ƙamshin sabulu, sai warin man inji da gumin Baba da nasa na kansa. Ya ja dogon numfashi, ya kwanta. Sifana ya hau wuyansa yana jan kunne. Kunnuwa ya rugo yana kaɗa wutsiya, sai ka ce shi ya shirya sulhun.

"Maman yara," in ji Baba yana dariya har da riƙe baya, "ashe sabulunki ne ke haɗa faɗan!"

"Au, ni ce ma mai laifin? Da na bar muku shi da ƙazantarsa!"

Kawu ya sunkuya zai ɗauka, Duna ya ɗora ƙafa a kan kwikwiyon ya zuba masa ido. Kawu ya janye hannu.

"Ni dai gaisuwa na zo yi, ban zo a cije ni ba."

Mama ta shiga kicin. Ta fito da wani kwano mai ɗan lotsawa, ta dire shi kusa da na Duna da na Kunnuwa.

"Kada wanda ya ce min komai."

Baba ya gyara zama ya dube ni.

"Auta, ni ma zubo min. Yunwa nake ji."