Wadrob ɗin da Wayar Inna Ta Ƙi Nunawa

Dogo ne ya haɗa wa surukinsa, Babban Kafinta, shafin intanet na shagonsa, hotuna arba'in da ɗaya. A duk hoton da ya ɗora sai wani ɗan akwati ya nemi ya rubuta bayaninsa, kuma ya taɓa jin cewa babu mai ganin wannan rubutu sai in hoto ya ƙi fitowa. Goman farko ya rubuta su da ladabi. Daga nan gajiya ta kama shi, ya shiga rubuta abin da idonsa ya gani.

Kwana uku Baba, wato kafintan, yana yawo da sabuwar wayarsa yana nuna wa maƙwabta kujerunsa. Rana ta huɗu Inna, surukar Dogo, ta aika ya zo da kwamfutarsa.

Ya durƙusa a bakin ƙofar falo ya gaishe ta. Ta tambayi 'yarta, ta tambayi aiki, sannan ta miƙo masa tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi. Babu hoto ko ɗaya, sai fararen akwatuna, kowanne da rubutunsa. Ta sa tabarau ta karanta masa a hankali: kujera mai gajeriyar ƙafa, an cusa mata kwali, wadrob ɗin da ba ya rufuwa, na tokare ƙofar da ƙafata. Da ta zo kan hoton maigidanta sai ta gyara murya.

"Baba ya haɗiye tumbi, saura kaɗan numfashi ya ƙare masa."

Dogo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara biyu yana lallaɓa Baba kafin ya daina kiransa "mijin yarinyar nan". Inna ta ce Baba ya lura tun jiya take dariya ita kaɗai, ya ce in ya dawo cin abincin rana zai duba abin da ke cikin wayar.

Dogo ya ce yanzu zai goge rubutun. Ta ce bai isa ba. Shekara talatin tana faɗin irin wannan magana a gidan nan babu wanda ya taɓa rubuta ta. In yana son rufin asiri, ya sa hotunan su fito su rufe rubutun.

Ya sake loda shafin, shiru. Ya share tarkacen da burauzar, manhajar buɗe shafi, ta tara, shiru. Ya tsaya bakin taga ya ɗaga wayar sama ko sabis ne, Inna ta ce tun da ta sayi wayar ba ta taɓa ganin an yi mata roƙon ruwa ba. Ya buɗe a tasa wayar, komai ras. Ya duba sunayen hotunan ɗaya bayan ɗaya, babu kuskure. Sai can ya lura da wutsiyar sunan: ashe a sabon tsari ya ajiye su, irin wanda tsohuwar burauza ba ta sani ba. Ya duƙufa yana mayar da su tsohon tsari yana sake ɗorawa, gumi na ɗiga a kan madannai. Hoton Baba ya fara gyarawa.

Yana kan na ƙarshe aka yi gyaran murya a zaure. Baba ya shigo da garin katako a gira, ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya karɓi wayar. Ya ga kansa, ya ɗan gyara tsayuwa. Kujeru suka fito, gadaje suka fito. Sai yatsansa ya tsaya a kan farin akwati guda, na wadrob ɗin, wanda Dogo bai gama gyarawa ba. Ya karanta yana motsa leɓe, ya sake karantawa.

"Wa ya gaya wa wayar nan?"

Dogo ya buɗe baki zai amsa laifinsa, Inna ta riga shi. Ta ce haka tsofaffin wayoyi suke, ba sa nuna kaya mai aibi, sai dai su rubuta dalili. Baba ya tambayi ƙafar wa ake nufi. Ta ce in ba ƙafar mai ɗaukar hoto ba, ta wa kuwa, yaron kirki yana can yana rufa masa asiri bai ma sani ba.

Baba ya daɗe yana kallon Dogo. Ya ce ƙofar nan fata ɗaya ce, ƙarfen da ke riƙe da ita, ta karkace, aikin minti biyar ne, gobe "ɗana" ya zo ya sake ɗaukar hoton su ga ko wayar za ta karɓa. Ya koma kan hotonsa, ya ce shi dai wayar ba ta same shi da aibin komai ba. Ya fita neman sukundireba, abincin ma bai tsaya ci ba.

Dogo na naɗe wayar caja, kalmar "ɗana" na yi masa daɗi a kunne, Inna ta ce kada ya yi saurin tafiya. Akwai gado a ɗakinta, shekara talatin yana ƙara, tana so a ɗauke shi hoto a sabon tsarin nan.