Baitin Maharazu

Safiyanu yana tsakiyar gwada wani sabon amshi a situdiyo Azumi ta bankaɗo labule ta shigo, ko sallama babu, hannunta duk ƙullun ƙosai. Matar aure ce mai sana'arta a cikin gida, wadda ba ta taɓa taka ƙofar wurin kiɗa ba, don haka tun kafin ta buɗe baki ya san ba lafiya ba.

"Sun daki ƙanina Maharazu," ta ce. "Kai ka kwatanta musu shi, sai ka san yadda za ka yi."

A tsaye ta zayyana masa abin da ya faru. Da safe yaran Ciyaman suka tare Maharazu a bakin kasuwa, suka ƙwace baronsa, suka yi masa dukan kawo wuƙa. Ba don wasu matan Yarabawa masu sayar da barkono sun faɗa kansa suna ihu ba, da yanzu wani zancen ake. Yaran sun kuma rantse in suka sake ganinsa a Ibadan sai dai uwarsa ta haifi wani. Yanzu yana ɗakin girkinta a ɓoye. Ta faɗi wannan ta juya, ba ta jira amsa ba.

Ciyaman dai shi ne shugaban masu yankar tikiti a kasuwar kayan gwarin da Maharazu ke dako. Shi ya sa aka rushe rumfar da 'yan dako ke hutawa suna salla a ciki, don ya dasa kwantenonin haya. Kowa ya gani, kowa ya yi gum, saboda baƙo ba ya ja da mai gari. Maharazu ne ya fesa wa Safiyanu labarin a teburin mai shayi, shi kuwa abin ya tsaya masa a rai har ya zama waƙa. Kafin a ce me, ta zagaye wayoyin Sabo, unguwar Hausawa, ta tsallaka kasuwar Shasha, direbobi suka ɗauke ta zuwa Arewa. Mutumin da bai wuce waƙar amarya da ango ba, sai ga shi ana nuna shi a layi ana cewa ga muryar talaka. Kuma ya ji daɗin sunan, ba ƙarya.

To amma mawaƙin biki ne, kuma hali zanen dutse. A wajensu wanda ya yi maka alheri sai ka ambace shi, da garinsu da inda ake samunsa, don jama'a su san shi. Shi ne tukwicin mawaƙi. Shi ya sa ya rangaɗa masa baiti guda cur:

Maharazu ɗan Ƙaura mai koren baro,
Ƙofar 'yan albasa nan yake tsayawa,
Shi ya gani da ido, ba ji ya yi ba.

Ranar da ya rera shi har yaba wa kansa ya yi. Yau kuwa da ya tuna kalmomin sai ya ji kamar ya haɗiye harshensa. Ko ɗan sanda ba zai kwatanta mutum fiye da haka ba.

Ya fito ya tare okada zuwa shagon Alhaji Ladan, dattijon da ke shiga tsakani duk lokacin da 'yan Sabo suka sami matsala da mutanen gari. Ya tarar labari ya riga shi. Alhajin ya bar shi a tsugune ya gama wayarsa, sannan ya wanke shi tas. Ya ce su da suka tsufa a garin nan da haƙuri suka zauna, ba da ganga ba, yanzu yaro ɗaya da makirufo zai jawo wa unguwa wuta. Ya ce ya riga ya yi magana da Ciyaman, kuma sharaɗinsa biyu ne: a goge waƙar, sannan a saki wata kafin magariba, muryar nan dai, ta ce zancen rumfa ƙarya ce wani ɗan dako ya shirya. In an yi haka za a mayar wa Maharazu baronsa, ya ci gaba da nemansa ba mai taɓa shi.

"Alhaji, ai ba ƙarya ba ce."

"Na ce maka ƙarya ce? Ran mutum nake maka magana, kana mini maganar waƙa. Ka ma gode Allah, har yanzu Ciyaman bai san wane ne mawaƙin ba. Ya tambaye ni, na ce muryoyi suna kama."

Wani sanyi ya ratsa Safiyanu, sai kuma ya ji kunyar sanyin. Ya san in ya yi waƙar nan ta biyu sunansa ya mutu a Sabo, ko bikin kaciya ba za a ƙara kiransa ba. Amma ya tuna muryar Azumi, ya sunkuyar da kai ya ce ya amince.

Daga nan gidan Azumi ya nufa da sauri, yana ganin ya kawo magani. Ya same ta a zaure idonta jajur. Ta ce wasu samari biyu sun yi ta zagaye layin a kan babur suna tambayar gidan mai ƙosai, shi ya sa Maharazu ya ce ba zai jawo mata bala'i ita da 'ya'yanta ba, ya haura ta baya ya tafi tashar Ojoo neman motar gida.

Hanyar Ojoo ranar kamar an ƙara mata tsawo. Go-sulo tun daga Mokola, ɗan okada yana kutsawa tsakanin motoci yana zage-zage da Yarabanci, Safiyanu kuwa duk babur ɗin da ya ga mutum biyu a kai sai ya bi su da kallo, ko su ne. Yana isa tasha ya shiga bin motocin Arewa ɗaya bayan ɗaya yana leƙa taga. A wata doguwar bas ya same shi, can kujerar baya, ya ja hula ya rufe rabin fuska. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe, leɓe a fashe, kayansa duka a cikin leda ɗaya bisa cinya.

Safiyanu ya maƙale a tagar yana haki, ya zayyana masa komai: an sasanta, baro zai dawo, ya sauko kawai. Maharazu ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambayi me waƙa ta biyun za ta ce. Da ya ji, sai ya yi wata 'yar dariya da ta sa shi dafe haƙarƙari. Ya ce to in ya koma, da wane ido zai dubi mutanen da suka kwashe tabarminsu daga ƙarƙashin ɓaraguzai tare da shi? Baro dai ana sayen wani. Amma a rera a duniya cewa shi maƙaryaci ne, tsohuwarsa da ta sa aka kunna mata baitin nan a Ƙaura har ta yi kuka ta ji wannan kuma, a'a. Duka ya riga ya sha, kada a haɗa masa biyu.

"Ka bar ta yadda take, Malam Safiyanu. Ban riƙe ka ba, na san karramawa ka yi nufi." Kwandasta ya fara buga jikin mota. Maharazu ya ɗan matso da fuskarsa kusa da taga, ya rage murya. "Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Duk waƙoƙinka na biki ina da su a waya, kowace a ƙarshe kana faɗin sunanka da layinku. Wannan na saurara har na haddace, ban ji ba."

Ba da faɗa ya faɗa ba, tambaya ce kawai, kuma ya jira amsa. Safiyanu ya tuna sarai, har ya rera wurin ya sa mai situdiyo ya yanke, ya ce waƙar ta yi tsawo.

Mota ta ja. Ya bi ta 'yan taku yana riƙe da taga, har ta fi ƙarfinsa ya saki.

Wayarsa ta yi ƙara, Alhaji Ladan ne. Ya tsaya yana kallonta har ta katse, ta sake, ta katse. Sannan ya koma gefen wata mai gasa masara, ya juya kyamarar wayar ta fuskance shi. Ya danna ɗaukar bidiyon da zai saki duniya ta gani.

"Waƙar rumfa, ni na yi ta," ya ce. "Sunana Safiyanu."

Sannan ya faɗi layinsu da launin ƙofar gidan.