Kifi Mai Ido Uku

Tela ya riga ya yanke ɗinki na bakwai da reza kafin ya tuna yarinyar ta ce kada ya taɓa. Ya dakata, reza a hannu, kifin a kan cinya. Kifin tsumma ne shuɗi, bai fi tafin hannu ba, an cusa masa auduga har cikinsa ya karkace gefe guda, an zagaye shi da jan ulu, ɗinki manya-manya kamar haƙoran jaki. Idonsa uku ne: maɓallai biyu a kai, ɗaya can kusa da wutsiya.

Jikarsa ce ta ɗinka shi. Shekarunta bakwai, Cinnaka kowa a layin yake ce mata, saboda ƙanƙanta da zafin baki. Da safe ta shigo shago ta dire masa kifin a kan teburin yanka.

"Tsoho, ga amana. Mama za ta yi min kitso. Ƙarfe huɗu za mu rataya abubuwan da muka ɗinka a wurin Anti, iyaye su zo su gani. Kallo kawai, ban da hannu."

Anti ɗin nan ita ce ciwon. Wata matashiya ce da ta kama garejin da ke tsallaken titi wata uku da suka wuce. Duk Asabar sai ta tara yaran unguwa, ta miƙa musu basilla da ulu da guntayen ƙyalle, kuma ranar farko ma yaro yakan koma gida da abin da ya ɗinka a hannu. Shi kuwa Tela, a wurin ubangidansa wata shida ya yi yana zura zare a allura kafin a bar shi ya huda ƙyalle. Haka ya ɗora Cinnaka tun tana shekara biyar. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta zura masa allura goma sha biyu, ta soke su a jere a jikin soso. In ta ce yaushe za ta fara ɗinki, sai ya ce hannunta bai nuna ba tukuna. Shi da kansa ya daina zura zare, don a cewarsa allurar zamani ƙaramar kafa ake yi mata.

Mai Agogo, maƙwabcinsa na shago, ya leƙo da gilashin aiki maƙale a ido.

"A'a, yau kuma kamun kifi ake yi a shagon manyan riguna?"

"Dubi nan, don Allah." Tela ya ɗaga kifin ta wutsiya. "Jikar tela ce za ta fita da wannan gaban jama'a? Shekara arba'in da ɗaya ina wannan layi. A ce a gidana aka yi ɗinkin da akuya za ta zura kai ta ciki?"

"Ai ba a gidanka aka yi ba. A gidan Anti aka yi."

Nan ne maganar ta soke shi. Jiya ma da yamma ya ji Cinnaka tana gaya wa uwarta, "Anti ta ce in na zo kwana in ja zaren a hankali." Anti ta ce, Anti ta ce. Ko maɓallan idon kifin ba daga gwangwaninsa suka fito ba. Yana da gwangwanin madara cike da maɓallai waɗanda babu biyu iri ɗaya, ya tsinto su a titi da cikin mota da aljihun rigunan da masu su ba su dawo ba. Akwai na ƙaho, akwai mai siffar wata, akwai wanda in ka kara a kunne kamar ana ruwa a nesa. Yarinyar ta san gwangwanin sarai, amma ta je ta ɗebo ido daga kwalbar Anti.

"Ka mayar mata yadda yake," in ji Mai Agogo. "Garin neman gira kada ka rasa ido."

"Je ka ji da agogonka da ke cewa sha biyu tun shekaranjiya."

Tela ya ja kujera bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, ya ƙarasa farke jan ulun, ya zazzage audugar. Ya shimfiɗa ƙyallen, ya goge shi da dutsen guga. A gefen ciki akwai wani ɗan tabo ja-ja, sai ya kalmashe shi ciki inda ba mai gani. Ya zare allura daga soso, ya fara. Ido bai cika taimakonsa ba, amma yatsun sun san hanya kamar tsohon jaki da hanyar gida. Allura biyar ya cinye. Da ya gama, ko da farce ka bi gefen kifin ba ka jin inda ɗinki yake. Ciki ya daidaita, wutsiya ta miƙe, idanu biyu suna kallon gabansu kamar na kifin kirki.

Ido na uku ya juya shi a tafin hannu. Kore ne, kuma kafarsa uku, ba biyu ba, ba huɗu ba. Bai taɓa ganin irinsa ba. Ya daɗe yana tunanin wace irin riga ce ta rasa shi, da kuma ko mai rigar har yanzu yana dubawa ƙarƙashin gado. Sai ya jefa shi a aljihu.

Ƙarfe uku da rabi Cinnaka ta dawo, kai ya sha kitso har girarta ta ɗaga sama. Ya miƙa mata kifin a naɗe cikin takarda.

"Amarya, kada ki buɗe sai a can. Ƙura."

"Wa zai aure ka, kai da haƙori huɗu?" Ta karɓe ta ruga.

Ya taɓa rantsuwa ba zai taka garejin nan ba. Amma yana so ya ga fuskar Anti lokacin da za a buɗe takardar, don haka ya gyara hula, ya ja ƙofar shago, ya tsallaka.

Garejin ya fi yadda ya zata tsabta. An ɗaura igiya daga taga zuwa ƙusa, an maƙala abubuwa da maƙalin shanya: kyanwa mai kunne ɗaya dogo, jakar fensir da bakinta bai haɗu ba, wani kunkuru da ya fi kama da takalmi. Yara tara a kan ƙananan bencina. Anti ta taso da sauri, ta ɗan rusuna.

"Baba, sannu da zuwa. Yau mun yi babban baƙo. Yara, ku gaida Baba Tela."

Suka gaishe shi baki ɗaya. Ya amsa da ka, yana kallon hannun jikarsa.

Cinnaka ta warware takardar. Ta dubi kifin, ta juya shi, ta sake juyawa. Ta leƙa cikin takardar ko akwai wani.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Lah, na kanti ta sayo!" in ji mai kunkuru, wata 'yar lukuta da ke gefenta. "Anti, ba kin ce ban da na kanti ba?"

Anti ta karɓi kifin, ta kai shi bakin taga, ta bi gefensa da yatsa har sau biyu.

"Baba, da hannu aka yi wannan?"

"Da hannu."

"Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Ni ko shekara goma zan yi ba zan iya ba."

Abin da ya tsallako titi don ya ji ke nan, kuma ya ji shi. Sai dai daɗin bai kai ko ina ba, don Cinnaka ta zo ta tsaya gabansa, kanta bai wuce aljihun rigarsa ba.

"Ina idon baya?"

"Kifi ba ya da ido a wutsiya, Amarya."

"Nawa yana da shi. Da me zai ga babban kifi in ya biyo shi?" Ta ɗaga masa ɗan yatsanta. "Ina wurin da na soke yatsana? Anti ta ce in bar shi, shi ne shaida. Ɗinki talatin da ɗaya na yi, Asabar uku. Na ce maka ban da hannu!"

"Gyara na yi miki. Don kada a yi miki dariya."

"Wa ya yi dariya? Kowa nasa a karkace yake!"

Ya dubi igiyar. Gaskiya ne, babu ko ɗaya da ya miƙe, kuma kowane yaro yana zaune daidai ƙarƙashin nasa yana gadinsa da ido. Maƙali ɗaya ne ke lilo babu komai.

Cinnaka ta shige ƙarƙashin teburin Anti, ta haɗa kai da gwiwa. Daga can muryarta ta fito.

"Ba na ƙara zura maka zare. Ko ɗaya. Har abada."

Tela ya tuna soson da ya bari a shago: allura bakwai suka rage, ga rigar wani ango da za a karɓa ranar Talata. Amma ba rigar ce ta fi tsaya masa a rai ba. Sa'ar nan ta safe ce, kafin makaranta, lokacin da take zama a kan teburin yanka tana lasar bakin zare tana ba shi labarin mafarkinta. Wannan kaɗai ya rage masa wanda Anti ba ta ɗauka ba, kuma ga shi ya miƙa da hannunsa.

"Saura minti ashirin iyaye su fara zuwa," Anti ta ce a hankali, ba tare da ta dube shi ba. "Basilla tana barin kafa babba a ƙyalle. In an buɗe kalmasar, ina jin ramukanta suna nan. Sai dai ni ban ga inda zan sa almakashi ba."

Ba mai iya farke ɗinkin sai wanda ya yi shi. Tela ya nemi wurin zama, babu sai bencin yara. Ya zauna, gwiwoyinsa suka kusa taɓa gemu, mai kunkuru ta toshe baki da hannu. Ya ciro reza daga cikin hula. Shuɗin zare a kan shuɗin ƙyalle, ga garejin ba haske sosai. Ya rufe ido gaba ɗaya, tunda ba amfaninsu, ya bi da farce yana tsinka ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa jin haushin kyan aikinsa ba sai yau.

Da kalmasar ta buɗe, ga ramukan nan a jere, wani kusa, wani nesa, kamar sawun kaza. Ga ɗan tabon ma ya fito. Ya laluba aljihu, ya ɗan yi jinkiri, sannan ya ciro koren maɓallin ya ajiye a kan ƙyallen, ya tura duka ƙarƙashin tebur da hannu.

Can sai ƙaramin hannu ya fito ya ja.

Ta fito ba ta dube shi ba. Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, Anti ta miƙo mata basilla da jan ulu. Cinnaka ta murza bakin ulun, ta zura shi sau ɗaya tak, idonta ma yana kan ƙyalle.

"Kun gani?" Anti ta ce wa sauran. "Ku sai mun yi rabin sa'a muna fama. Cinnaka, wa ya koya miki zura zare haka?"

Tela ya gyara zama, ya ɗan yi gyaran murya.

"Ba wanda ya koya min," in ji Cinnaka tana soka basilla a ramin farko. "Idon Tsoho ne ya mutu, shi ya sa nake yi masa. Shi yana cewa wai allurar ce."

Anti ta sunkuyar da kai tana gyara wani abu da bai lalace ba. Shekara biyu ke nan. Ashe tun yaushe ta sani, take lasar zare tana ba shi labarin mafarki, ba ta taɓa cewa komai ba.

Iyaye suka fara shigowa, ana gaishe-gaishe, ana "Kai, wannan kyanwa ce ko zomo?" Cinnaka ta kai ɗinki na ashirin, harshe a waje. Da ta zo kwanar wutsiya ta ja ulun da ƙarfi, ƙyallen ya tattare. Yatsun Tela suka motsa da kansu. Ya danne su a ƙarƙashin cinya.

"Anti, zo ki gani," ta kira.

Anti ce ta zo. Shi yana nan, taku ɗaya tsakaninsu.

A kan bencin, kusa da shi, wani yaro ya bar basilla da guntun ulu rawaya. Tela ya ɗauka don ya sami abin yi da hannu. Abin da yake kira allurar ɗinkin buhu ke nan, yana dariya shi da Mai Agogo. Ya ɗaga ta saitin taga. Kafarta ta fito fes, har yana hango ɗan yankin sama a ciki. Ya kai ulun, sai ga shi ya wuce ta cikin kafar.

Ya daɗe yana kallon zaren yana lilo. Ya waiga ya ga ko wani ya gani. Duk suna wajen igiya, inda Anti ta ɗaga Cinnaka sama tana maƙala kifin, cikinsa a karkace, koren idon yana kallon baya, daidai inda Tela yake zaune.

"Hannun yarinyar nan sai ka ce jikar tela," wata mata ta ce.

"Aikin Anti ne," wata ta amsa.

Tela ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. Ya cire hula, ya soke basillar a ciki kusa da reza, da ulunta da komai, ya mayar da hular kansa.