Ranar da Aka Cire wa Mama Tela Bandeji

Ranar da likita ya cire wa Mama Tela bandeji, abin da ta fara gani shi ne gashin hancinsa. Ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Likita, ashe kai ɗan tsurut ne! Da jin muryarka na zaci ƙato ne."

Shekara shida ke nan yanar ido ta lulluɓe mata duniya. Ba ta bar ɗinki ba, amma da lalube take yi, ƙanwarta Auta ce ke zura mata zare a allura. Yanzu ga ƙofa ta zama ƙofa, ga ƙuda a bango har ƙafafunsa tana iya ƙirgawa.

Ta ƙi shiga mota, ta ce da ƙafa za su koma. Duk allon shagon da suka wuce sai ta tsaya ta karanta da ƙarfi. Ta gaida mai shara, ta yaba wa wani ɗan sanda gashin bakinsa, ta bi wata jar kaza da kallo har ta kusa faɗawa kwata.

"Yaya, don Allah, mutane suna kallonmu."

"Su kalla! Ni ma kallonsu nake yi. Ke Auta, yaushe kika yi furfura ba ki sanar da ni ba?"

Ƙofar coci a buɗe take, sai ta kutsa kai. Nan ta yi turus. Labulen da ta ɗinka shekara uku da suka wuce yana rataye a gaba, gefe ɗaya na jan ƙasa, ɗayan ya ɗage, ga koren zare ya bi farin yadi kamar sawun tsutsa.

"Fasto! Wannan abin kunya a ɗakin Allah, ba wanda ya faɗa mini?"

Fasto, wanda ke jera kujeru, ya ce, "Mun saba da shi, Mama. Har ma muna sonsa."

Ta durƙusa a wajen, dariya da hawaye suka haɗe mata, ta yi godiya har muryarta ta dushe. Da ta miƙe ta ce, "Yau kam na cika umarni biyu. Ina ƙaunar Allah da dukan zuciyata. Maƙwabta kuwa, kowa na gani a titi ji nake kamar in goya shi."

"Madalla. Saura na ukun: ki ƙaunaci maƙiyinki."

"Fasto, kada ka ɓata mini rana."

Kowa ya san maƙiyin nata. Mai Agogo ne, wanda shagonsa ke jikin nata. Lokacin da idonta ya fara lalacewa, ta ɗinka wa 'yarsa riga, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Maimakon ya shigo ya faɗa mata, sai ya ɗaga rigar a tsakiyar titi yana kiran jama'a su zo su ga aikin makauniya mai almakashi. Rabin masu kawo mata ɗinki suka watse. Tun ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Da suka shigo layinsu ta ce wa Auta, "Wuce ki buɗe shago. Zan je in kalli mutumin nan daga sama har ƙasa, ya san an dawo."

Ta tsaya a ƙofarsa, hannu a ƙugu. Ƙura ta rufe gilashin akwatin agoguna. Na bango su bakwai ne, biyar sun tsaya. Shi kuwa yana zaune, rigarsa a bai-bai, ya kanga wani agogon hannu a kan hancinsa, ɗaya hannun yana shafa tebur a hankali yana neman wani abu. Ta san wannan shafar, ita ma ta yi ta shekara shida. Da ya ɗago, ta ga farin abu kwance a idanunsa biyu.

Abin da yake nema ɗan notin agogon ne, bai kai kan allura ba, yana nan dab da gwiwar hannunsa. Ta ɗauka da farce, dariya ta kuɓuce mata.

"Na gan shi! Kai, dubi ƙanƙantarsa, amma na gan shi! Ungo."

Ya gane muryar. Fuskarsa ta ɗaure. "Dariya kika zo yi mini."

"Gaskiya da abin da na zo ke nan. Tun yaushe?"

Ya ce, "Shekara biyu. Ban faɗa wa kowa ba. Wa zai kawo agogo wurin..." Bai ƙarasa ba.

"Wurin makaho mai sukudireba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ci mutuncinki a gaban jama'a."

"Ka ci, kuma ya yi ciwo. Sati guda na yi ina kuka a bayan keken ɗinki." Ta laluba zuciyarta ko za ta sami fushin nan da ta daɗe tana kiwo. Yana nan, amma ya rame, ba zai iya tsayawa da ƙafarsa ba. "Tashi. Juya rigarka daidai, ba zan bi titi da kai haka ba."

"Zuwa ina?"

"Asibiti. Likitan bai tashi ba tukuna."

"Wuƙa a idona? Allah ya kiyaye!"

"Ni da nake tsoron kyankyaso na kwanta an yi mini, balle kai mai baki kamar lasifika?"

Auta ta leƙo ta ga yayarta ta riƙo hannun Mai Agogo tana ja. Mabuɗi ya faɗi daga hannun Auta. Masu shaguna suka fito suna kallo, mai aski har da reza a hannu. Mama Tela tana ɗaga musu hannu ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa mutumin bayanin hanya.

"Ga rami, tsallaka. Ga mota shuɗiya, kai, shuɗi ya yi kyau! Ga kare, ya fi ka fara'a."

A asibiti ma'aikaciyar da ke rubuta sunaye ta dube su. "Mama, mijinki ne?"

"A'a!" suka faɗa tare, har mutanen benci suka juyo.

"To me zan rubuta? Ɗan'uwa?"

"Rubuta maƙiyi," in ji Mama Tela. "Ni zan riƙa kawo shi."

Bayan sati uku aka yi masa aikin ido ɗaya. Ita ta zauna a waje rungume da takalmansa, tana addu'a tana yi wa masu jira hira. Da aka buɗe masa idon washegari, ya daɗe yana kallonta, idon ya cika da ƙwalla.

"Kada ka yi kuka, likita ya hana," ta ce.

"Ba kuka nake ba. Maganin ne."

Suka fito suna gardamar wace hanya ta fi kusa. Shi ya yi gaskiya, amma tata suka bi.