Saiwar da Suruki Ya Kawo

A taƙaice, kuma bisa bayanan da aka tabbatar: ranar Talata an ɗage aikin idon Malam Sulaiman tela, mazaunin Hayin Banki, saboda jininsa ya hau. Binciken da ya biyo baya ya nuna ladabi ne sanadi.

Yana zaune a kan benci cikin rigar asibiti, ma'aikaciyar jinya ta kwance masa na'urar awo karo na uku, ta girgiza kai. Wata bakwai yana jiran wannan rana. Yanar ido ce ta rufe masa idon dama har zura zare a allura ya gagare shi, ga Sallah saura mako shida. Sharaɗi biyu aka gindaya masa: suga ya sauka, jini ya daidaita. Sugan dai ya sauka.

Likita ta tambayi abin da yake sha ban da ƙwayoyin asibiti. Ya ce babu. Matarsa Salamatu ta buɗe jaka, ta ajiye ƙullin wata saiwa mai zaƙi da ake kira irƙusus. Ta bayyana cewa mahaifinta, Alhaji Sharhabil na Rigasa, shi ya yo tsarabarta daga Umara, domin an ce masa tana zaƙaƙa wa mai ciwon suga shayi ba tare da sukari ba. Kofi uku kullum, mako biyar cur. Kowace safiya Alhaji kan bugo waya ya ji ko an sha.

Likita ta ce saiwar tana tayar da jini, ta tambaya ko bai ga ƙafafunsa sun kumbura ba. Ya gani. Tun mako na biyu ma ya zargi saiwar.

"To, Malam, me ya hana ka dainawa?"

"Likita, surukina ne fa."

"Ai sai ka zubar, ka ce ka sha."

"In yi wa uban matata ƙarya da sassafe?"

Likita ta ajiye biro, ta dubi rufin ɗaki na ɗan lokaci.

Suna cikin keke a hanyar gida Alhaji ya bugo. Malam Sulaiman ya rusuna gwargwadon abin da wurin ya bari, ya ce an ɗage aiki, jini ne, ƙaddara ce. Salamatu ta zare wayar daga hannunsa.

"Baba, saiwarka ce."

Alhaji ya ce shi ma kwana biyu ya sha ya bari, don ciwon kai take sa shi. Gudun kada ta lalace ya aiko da ragowar. Ya ƙara da cewa ya so ya ba Sulaiman shawarar ya rage, amma ya ji nauyin hana suruki abin da yake yabawa kullum.

Abin da aka yi asara: aikin ido, sai bayan wata uku, ɗinkin Sallah na gida goma sha ɗaya, an mayar wa masu shi, ƙwayar hawan jini, an ƙara guda. Saiwa kuma rabin leda tana cikin kabad, domin Malam Sulaiman ya ce ba a zubar da tsarabar suruki.